Tauraron da Ya Ƙi Zama Kalangu

Abu na farko da garin nan ya ƙwace mini shi ne gaisuwa. Ranar da na sauka na shiga bas da jakata, na gaida mutanen ciki har da ɗan rusunawa, yadda mutum zai yi in ya shiga motar Dutse daga Aujara. Ba wanda ya ɗago. Wata mata ma janye jakarta ta yi ta ɗora a cinya. Na samu wuri na zauna ina jin kunya kamar an kama ni da kayan wani.

Garin yana can arewacin Turai, a bakin teku, inda rana ke leƙowa a makare ta koma da wuri. Karatun digiri na uku ne ya kai ni, a kan taurari. Ni ɗan malamin allo ne. A zauren Baba na fara karatu, a Kafin Hausa na yi jami'a, na kuma koyar da kimiyya a wata sakandare a Takur kafin tallafin karatun ya fito. Da labari ya bazu a gida cewa taurari zan je karantawa, gwaggona ta aiko a gaya mini in na dawo in duba mata wanda ya ɗauke mata tunkiya.

Ɗakin da na kama ta intanet yana da taga babba a hoto. Da na isa, matar gidan ta bi da ni ta wani tsani zuwa ƙarƙashin ƙasa, kusa da injin wanki. Na nuna mata hoton a wayata. Ta ce hoton na ɗakin sama ne, ita kuwa ba ta taɓa cewa shi za ta ba ni ba. Ban san kowa ba, ban san inda zan kai ƙara ba, sai na ajiye jaka. Ba a yi sati ba na dawo na tarar da ƙullin daddawa da kukar da Inna ta haɗo mini a kwandon shara na waje, ruwan sama ya jiƙa su. Matar ta ce ta zaci wani abu ne ya mutu a gidan. Wallahi ranar na yi kuka, ƙato da ni, a tsaye gaban kwandon shara.

A wurin karatu aka haɗa ni da malamina, dattijo dogo mai farin gashi wanda duk masu wannan fanni suka san sunansa. Na rusuna na ce, "Farfesa." Ya ɗaga hannu.

"A nan ba ma wannan. Sunana Rolf. Faɗa mu ji."

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Mutumin ya girmi Baba. Ni da ko yayana ban taɓa kira da sunansa gatsal ba, yaya zan yi da mai furfura, kuma malamina? Na sunkuyar da kai na sake cewa, "To, Farfesa." Sauran ɗalibai suka yi dariya. Shi bai yi ba. Daga baya na ji ya gaya wa wani cewa bai yarda da mutumin da ba ya kallon sa ido cikin ido ba. Abin da aka yi shekaru ana dasa mini a matsayin ladabi, a nan alamar munafunci ce.

Aikin kansa kuwa na so shi tun ranar farko. Tauraro haihuwarsa ake yi. Wani makeken gajimare ne na gas da ƙura yake tattaruwa yana dunƙulewa, har tsakiyarsa ta yi zafi ta kama wuta. Cikin gajimaren akwai ƙarfin maganaɗisu da ya ratsa ko'ina, shi ne yake riƙe da linzami, ko gajimaren ya rufta da sauri ko a hankali, ko jaririn tauraron ya samu faifan da duniyoyi za su fito daga ciki ko ya rasa. Ba a ganin wannan ƙarfi da ido. Amma duk wanda ya taɓa fita gona bayan hadari ya ga yadda gero ya kwanta fuska ɗaya, ya san ta inda iska ta bi ko da bai gan ta ba. Haka muke yi. Maganaɗisun yana jera ƙwayoyin ƙurar, hasken da suke fitarwa yana zuwa mana a karkace, mu kuma mu zana 'yan gajerun layuka a kan hoton gajimaren.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ake koya wa kowane sabon ɗalibi. Ƙwayar ƙura ba bin maganaɗisu take yi ba, gitta masa take yi. Don haka sai an juya kowane ɗan layi, na tsaye ya koma kwance, na kwance ya miƙe, sannan a ga hanyar maganaɗisun ta gaskiya. Sau ɗaya ake juyawa.

Sunan Farfesa a kan siffa guda ya ginu. Ya nuna cewa in gajimare yana ruftawa, layukan maganaɗisu suna tsukewa a tsakiya su buɗe sama da ƙasa. Su da wani agogon yashi mai siririn ƙugu suke kwatanta abin, ni kuwa ina gani na ce kalangu ne. Aka ba ni wani jaririn tauraro da ba shi da suna sai lamba, aka ce in leƙa can kusa da cibiyarsa in fito da kalangun. Ba a ce in duba ko yana nan ba.

Abokin ofishina wani ne Dario, ya riga ni zuwa, bakinsa da zaƙi, kullum yana bayan Farfesa da kofin shayi. Shi aka haɗa ni da shi zuwa wurin na'urorin hangen, a kan wani dutse cikin hamadar Kudancin Amurka. A filin jirgin da muka yada zango, ma'aikacin ya ga koren fasfona ya ce in koma gefe. Dario ya wuce, ya ɗago mini hannu daga nesa. Aka shigar da ni wani ɗaki aka zazzage jakata, aka yi ta juya carbina ana tambayar me ɗan Najeriya zai je yi a kan dutse. Na ce taurari zan duba. Ɗayansu ya kira abokinsa ya ce in maimaita don shi ma ya ji. Kafin su sake ni jirgi ya tashi. Da na isa washegari, na tarar Dario ya riga ya aika wa Farfesa cewa na makara, bai faɗi dalili ba.

Dutsen nan ba wurin zaman ɗan'adam ba ne. Ba itace, ba tsuntsu, iskar ma ba ta isar huhu. In na sunkuya ɗaura takalmi sai na huta kafin in miƙe. Kaina ya yi ta sara, hancina yana haɓo. Na'urorin manyan kwanuka ne farare irin na dish, jere a fili, suna juyawa tare ba ƙara, kuma ba ruwansu da dare ko rana, da hantsi ma aka auna tauraron nawa. A wurin mutum ɗaya ce ta dube ni a matsayin mutum, wata dattijuwa mai dafa abinci. Ba ma jin yaren juna. Ta lura nama nake turewa gefe, sai ta fara ajiye mini wake da ƙwai a rufe. Ta gan ni ina neman lungun da zan yi salla, ta share bayan ɗakin ajiyarta ta shimfiɗa kwali. Ranar da zan sauko ta dafa kaina ta yi wata magana mai tsawo. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ce amin.

Bayan mun koma na yi watanni ina tace abin da muka auno. Ranar da hoton ya fito na daɗe ina kallon kwamfutar. Babu kalangu. Layukan zagaye cibiyar suka yi, sun naɗe kamar gammo, alamar juyin gajimaren ya fi ƙarfin maganaɗisun har ya murɗe shi. Na ɗauka ni na yi kuskure, na sake daga farko. Gammo. Sai na yi gwajin da ake yi. Akwai wani haske mai nisa da kowa a fannin ya san ta inda layinsa ya karkata, ana auna shi tare da tauraron don a tabbatar na'ura ba ta ruɗe ba. Na bi da shi ta hanyar da na bi da nawa, ya fito daidai yadda aka san shi. Aikina lafiya yake. Farin ciki ya kama ni, tsoro ya biyo baya, don na san abin da hoton yake faɗa wa dattijon da ya ba ni shi.

A zaurenmu, in Baba yana biya karatu ya tsallake aya, ba mai ce masa ya yi kuskure. Wani daga cikin manyan ɗalibai ne zai karanta ayar a hankali, kamar da kansa yake, Baba ya ji ya koma ya ɗauko, a wuce kamar ba a yi ba. Da wannan na tashi, ban san wata hanyar gyara malami ba. Don haka na buga hoton gammon da na gwajin, na shiga ofishin Farfesa na ajiye a teburinsa, na ce, "Ga abin da ya fito, Farfesa," na ja da baya. Ya ɗan duba ya ce, "Ka manta juya layukan. Je ka gyara." Na ce to. Bayan kwana biyu na sake kawowa, wannan karon hoton gwajin a sama. Ya ce, "Wannan ai shi ne na rannan." Na ce, "E, Farfesa." Na tsaya ina jiran ya duba ya gane da kansa. Shi kuma yana jiran in yi magana. Da shirun ya yi yawa ya ce in rufe masa ƙofa. Karo na uku da na kai, da na koma ɗaukar wani littafi, na ga kofin shayinsa a kan takardar.

Dario na yi wa bayani filla-filla, tunda shi tsarana ne. Na nuna masa cewa manhajar da muke aiki da ita tana juya layukan da kanta, ba a bukatar a sake. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce in tura masa kayan ya duba mini. Har godiya na yi masa.

A taron mako na gaba Dario ya miƙe ya haska hoto a bango. Tauraron nawa ne, layukan sun tsuke a tsakiya sun buɗe sama da ƙasa. Ya sake juya abin da aka riga aka juya, gammo ya koma wani abu mai kama da kalangu. Ya ce ya taimaka wa abokinsa ne da wani ɗan kuskure irin na masu farawa. Farfesa ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Na kalli Dario, ya kau da kai. Har yau ban san ko ya yarda da hoton nan ba ko kuwa ya dai san abin da ake so a gani ne. A barandar ofis na tare shi na ce, "Ka san ba haka ba ne." Ya ce, "In kana da magana ka gaya masa. Bakinka ciwo yake?"

Ba a jima ba aka sanar da ni cewa kwamiti zai zauna a kaina. A can, in shekara ta zagayo ana duba ɗalibi, a bar shi ya ci gaba ko a sallame shi, kuma izinin zamana a ƙasar a jikin karatun yake. Farfesa ya riga ya rubuta cewa ba na magana, ba na fahimta, a ba Dario tauraron. Na ga kaina ina sauka a tashar Dutse da jakar da na tafi da ita, ina bi gida-gida ina bayanin abin da ba zai bayanu ba.

Na kira Baba bayan la'asar ɗinsu, ina jin muryoyin masu karatu a bayansa. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi Inna da gona. Sannan na kwashe komai na gaya masa, da kalangu da gammo. Ban zaci zai bi zancen taurarin ba, bai ma yi ƙoƙari ba.

"Habibu, ka tabbata, ko zato kake?"

"Na tabbata, Baba."

"To. In liman ya miƙe zai ƙara raka'a ta biyar a azahar, kai kuma ka tabbata huɗu aka yi, me aka koya maka?"

"In yi masa tasbihi."

"In bai ji ba fa?"

"In ɗaga murya."

"Ka ɗaga?"

"A'a, Baba."

"Yo kai a hankali kawai ka iya? A hankali ai farawa ake da shi. To in ya ƙi ji, sahu duk ya miƙe ya bi shi fa?"

"Sai in zauna. Ba na bin sa."

"Ka fice daga masallacin?"

"A'a, Baba. Ina zaune ina jiran sa, tare za mu sallame."

"To me kuma kake tambaya ta? Katinka zai ƙare. Allah ya yi maka albarka."

Ranar kwamitin mutum uku ne a bayan tebur. Farfesa, da shugaban sashe, da wata Dakta Ilse daga ɓangaren masu ƙera na'urori, wadda ban taɓa magana da ita ba. Farfesa ya yi bayanina kamar ba na ɗakin. Ya ce yaro ne mai ladabi, amma kimiyya ba ladabi take so ba, kuma an nuna masa kuskure ɗaya ya yi ta dawo da shi ba tare da ya ce uffan ba. Shugaban ya tambaya ko ina da abin cewa. Na ce, kaina a ƙasa, akwai hoton gwaji da na kawo. Farfesa ya ce ya ga takardun nan har ya gaji. Shugaban ya dubi agogo, ya ce za a sanar da ni hukunci a rubuce. Suka tattara takardunsu suka miƙe.

Ni ban miƙe ba. A duk rayuwata ban taɓa zama manya suna tsaye ba.

"An gama," in ji shugaban.

"Ni ban gama ba."

Muryar da ta fito ta fi ƙarfin ɗakin, ni kaina sai da na tsorata. Na ɗago na kalli Farfesa a ido, karo na farko. Idanunsa ruwan toka ne, ashe.

"Farfesa, sau biyu aka juya layukan nan. Manhaja ta juya, Dario ya ƙara. Kalangun da aka nuna ba a sama yake ba, a ofishinmu aka yi shi."

Fuskarsa ta yi ja har wuya. "Cewa kake na yi ƙarya?"

"A'a. Cewa nake kun yi kuskure. Ku bi da hasken gwajin ta hanyar Dario. In ya fito yadda aka san shi, ni da kaina zan haɗa kayana."

Sai Dakta Ilse ta ja kujerarta ta koma ta zauna, ta miƙo hannu ta ce in ba ta kwamfutata. Ba ta daɗe ba. Hasken da kowa ya san a tsaye yake, ta hanyar Dario ya fito a kwance. Ta juya allon ta nuna musu, sannan ta dube ni da fushi, kamar ni na ɓata mata rai.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun kafin hunturu."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Sau uku na ajiye masa a tebur."

Ta dube ni, ta dubi Farfesa, ba ta gane ba, ni ma ban san yadda zan fahimtar da ita ba. Farfesa ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita, bai rufe ƙofa ba.

Ba a kore ni ba. Tauraron ya zauna a hannuna, aka mayar da ni ƙarƙashin Dakta Ilse, mace mai faɗa wadda ta koya mini musu da ƙarfin tsiya. Dario bai rasa komai ba, an ce kuskure ne irin wanda kowa zai iya yi, sauya masa ofis kawai aka yi, shi ke nan. Wasu a sashen suka daina zama kusa da ni a wurin cin abinci, wai na tozarta dattijo a gaban mutane. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a zuciyata na yarda da su. Farfesa kuwa ya cire sunansa daga aikina, ya kuma daina ganina. In muka haɗu a hanya sai ya bi ta gefena kamar an ajiye kujera.

Na gaya wa Baba yadda aka ƙare, ina jiran ya ce na kyauta. Ya ce, "Kana gaishe shi da safe?"

"Ba ya amsawa, Baba."

"Ba amsawarsa na tambaye ka ba."

Haka na yi ta yi har na gama. Kullum da safe in na zo wucewa ta ƙofarsa sai in tsaya in ce, "Ina kwana, Farfesa," da yarensu, wanda na koya saboda wannan. Kullum ƙeyarsa nake gani. Wani lokaci ina jin dariyar ɗalibai a bayana. Akwai safiyar da na tsani ƙofar nan har na yi niyyar zagayawa ta baya, ƙafata ta kai ni duk da haka.

Ranar da zan bar garin, jakata tana ƙasa a wurin mai gadi, na hau na ƙwanƙwasa. Yana zaune ya ba ƙofa baya, ya ƙara tsufa. A jikin allonsa, can gefe cikin tarkacen takardu, na hango hoton gammona an maƙale da fil, da da'irar gindin kofi a kansa.

"Farfesa, na gama. Zan koma gida. Na zo sallama."

Ya daɗe bai juyo ba. Da ya juyo, ya cire tabarau ya dube ni sama da ƙasa.

"Har yanzu ba ka iya sunana ba?"

"Na iya, Farfesa," na ce.

Na rusuna, na ja masa ƙofar a hankali, na sauka na ɗauki jakata.